Daga Baltimo zuwa Bayan Loko: Tafiyar Darasin Farfaɗo da Majiyyaci

Har tsakiyar ƙarni na 20, idan zuciyar majiyyaci ta tsaya, dabarar da ta rage wa likita ita ce ya tsaga ƙirji ya matsa zuciyar da hannunsa. A 1960 ne masu bincike uku na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka, wato Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka nuna cewa danna ƙashin ƙirji daga waje ma yana tura jini. Kafin nan Peter Safar da James Elam sun riga sun tabbatar da amfanin hura iska baki da baki. Sai aka haɗa biyun.

To amma da wa za a koyi? Ba a gwaji da ƙirjin lafiyayye, don haƙarƙari na iya karyewa. Wanda ya warware wannan ba likita ba ne. Asmund Laerdal ne, mai ƙera kayan wasan yara a garin Stavanger na Norway, wanda ya fito da mutum-mutumin roba mai suna Resusci Anne a shekarar 1960. Tun daga nan, duk inda darasin ya kafu, da ɗan roba ya kafu.

A karkara irin ta Kudancin Kaduna, wanda ungozoma ta fi gamuwa da shi shi ne jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba. Dominsa aka ƙaddamar da shirin Helping Babies Breathe a 2010: a tsane shi, a shafa bayansa, in bai numfasa ba a hura masa iska da jakar roba kafin minti ɗaya ya cika. Binciken da aka buga a 2013 kan asibitocin Tanzaniya ya nuna mutuwar jarirai a ranar haihuwa ta ragu da kashi 47 cikin 100.

Yanzu ana koyar da darasin ta intanet ma, ita kuwa ba baƙuwa ba ce a Kafanchan. Gidauniyar Fantsuam, da aka kafa a 1996, ta buɗe ajin kwamfuta a Bayan Loko, ta kuma kafa ZittNet mai raba intanet ba waya, tun garuruwa da dama ba su san ta ba. Yau nas a Kagoro ko Zonkwa na iya sauraron lacca a wayarta bayan ta tashi daga aiki.

Sai dai gani ba ci ba. Ƙa'ida ga babban mutum ita ce danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, danna 30 sannan hura iska 2. Wannan aikin kafaɗa ne da tafin hannu. Shi ya sa Ƙungiyar Zuciya ta Amurka, ko a kwas ɗinta na HeartCode da ake yi ta intanet, ba ta ba da kati sai an gwada mutum a kan ɗan roba, kuma katin shekara 2 yake yi. Shafukan da ke tura satifiket da zarar an biya kuɗi, takarda kawai suke sayarwa.

A 2025 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da asibitin Sir Patrick Yakowa da ke Kafanchan Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Ya kamata cibiyar ta haɗa kai da kwalejin nas da ungozoma ta Kafanchan su ware ɗaki guda, su zuba 'yan roba manya da jarirai, domin wanda ya gama karatu a waya ya zo a gwada hannunsa kafin a sa masa hannu a takarda.