Firamaren garinmu, ta wa ce?

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a majalisarmu ta nan Kafin Hausa ba a rasa mai cewa, "To yanzu ciyaman zai gyara makarantu." Ni kuwa da na ji haka sai 1991 ta faɗo min a rai.

A da, makarantun elementare na ƙasar Haɗejiya En'e ce ke riƙe da su. Ita ke ɗaukar malami, ita ke biyansa daga baitulmali, hakimi da dagaci su tattaro yara, wasu iyayen har ɓoye 'ya'yansu suke yi. Makarantun 'yan kaɗan ne, amma kowa ya san mai su.

A 1976 abu biyu suka zo tare: gyaran ƙananan hukumomi ya rufe babin En'e, gwamnatin Obasanjo kuma ta ƙaddamar da UPE, firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi wa ajujuwa da malamai yawa. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, albashi ya fara maƙalewa.

Babangida ya kafa hukumar firamare ta ƙasa, NPEC, a 1988, malamai suka ɗan sarara. Sai a 1991, shekarar da aka ciro Jigawa daga Kano, aka rushe ta, aka damƙa wa ƙananan hukumomi firamare kacokan. Ku tambayi duk wani tsohon malami abin da ya biyo baya. Watanni ba albashi a sassan ƙasar nan, yajin aiki, wasu suka ajiye alli suka koma gona da kasuwa. Ba a je ko'ina ba, a 1993 aka dawo da hukumar, aka koma cire albashin malamai tun daga sama kafin kuɗi su iso sakatariya.

Tsarin da muke ciki ya samo asali daga UBE, wadda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, dokarta ta fito a 2004: UBEC a Abuja, SUBEB a Dutse, sai ofishin ilimi a kowace daga cikin ƙananan hukumominmu 27. Shi ya sa in iska ta yaye rufin aji, hedimasta ya rubuta wa sakataren ilimi, shi kuma ya tura Dutse, damina ta wuce ana jira.

Muna alfahari da sakandaren kimiyya da Jami'ar Sule Lamido, na yarda, amma ai na jiha ne, kuma duk wanda zai shige su sai ya bi ta aji ɗaya. Ban ƙi 'yancin ƙananan hukumomi ba fa. Abin da nake so mu ji daga bakin ciyaman da kansiloli shi ne: in kuɗin sun iso hannunku, albashin malami zai fara fita, ko sai an gama sauran lissafi?