Farfesa Abdu Mumuni na Tasawa da Maganar Itacen Girki

Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuto wani abu na tarihi, sai na tuna da asabar ɗin da akan jera mu a tura mu bayan makaranta neman itace. Mu da muka fito daga Lajawa mun fi kowa iya wannan aiki, domin tun muna ƙanana iyayenmu mata ke aiken mu. A lokacin ba sai ka yi nisa ba za ka ɗaure dami. Yanzu kuwa in na je gida, kara da kashin shanu nake gani a murhu, itacen ma sai an saya. Wannan ne ya sa na zaɓi in ba ku labarin wani malami maƙwabcinmu, mutumin Jamhuriyar Nijar, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan matsala tun kafin mu san matsala ce.

Sunansa Abdu Mumuni, a rubutun Faransanci Abdou Moumouni Dioffo. An haife shi a Tasawa, cikin ƙasar Maraɗi, a 1929. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, sannan ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, wadda a zamanin ita ce matattarar haziƙan yaran ƙasashen da Faransa ke mulka. Daga nan sai Faris, inda a 1956 ya ci babbar jarrabawar nan ta malanta a fannin fiziks, wadda ko 'ya'yan Faransawa ke shan wuya a kanta. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai. Daga 1961 zuwa 1964 yana Tarayyar Sobiyet, a can ya duƙufa kan ilmin sarrafa hasken rana, da ya dawo kuma ya kafa ɗakin bincike na wannan fanni a Bamako.

A 1969 ya komo gida aka ba shi shugabancin hukumar makamashin rana ta Nijar, wadda ake kira ONERSOL, ya riƙe ta har 1985. To, a nan ne nake so mu ɗan tsaya. Wani zai ce me ya haɗa malamin fiziks da kare daji? Ai abin a fili yake. Daji ba ya ƙarewa don mutane sun tsani bishiya, tukunya ce ke cinye shi. Duk gidan da aka ɗora sanwa, an sare wani reshe a wani wuri, kuma birni kamar Yamai ko Kano kullum motocin itace ke shigarsa. Maimakon a yi ta kama masu gatari ana cin su tara, shi sai ya nemi abin da zai maye gurbin itacen, ya kuwa same shi a bisa kanmu, wato ranar nan da muke gudu mu fake a inuwa. A ƙarƙashinsa hukumar ta ƙera na'urorin dafa ruwa da na tace shi, da na shanya abinci, da murhun rana, har da injin da zafin rana ke juyawa. Farin 1973, wanda dattawanmu na Wudil ba su manta da shi ba saboda shanun da suka hallaka, ya ƙara nuna cewa ba wasan yara yake yi ba.

A 1979 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai, wadda a lokacin ko shekara goma ba ta cika ba, ga shi kuma zamanin mulkin soja ne na Seyni Kunce. Ya yi kimanin shekara uku a kujerar. Abin da ya fi burge ni shi ne bai saki ɗakin bincike ba don ya zama shugaba, da ya sauka kuma ya ci gaba da riƙe alli har ƙarshen rayuwarsa. Mu nan mun saba ganin malami in ya ɗanɗana ofis, to shi da aji sai dai a mafarki. Ra'ayinsa game da makaranta ma ba a kujerar ya tsince shi ba. Tun 1964 ya wallafa littafi a kan ilmi a Afirka, inda ya soki karatun da Turawan mulkin mallaka suka bari, ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da bukatun ƙasa. Mu da aka taɓa ci tara don mun yi Hausa a aji mun san abin da yake nufi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: murhun rana bai shiga gidajen talakawa ba. A ganina dalilin a madafa yake. Tuwon dare da yamma ake tuƙa shi, sa'ad da rana ta yi sanyi, kuma ba matar da za ta tsaya a tsakar gida da azahar tana tuƙi alhali ga rumfa. Ga tsada kuma. Abin da ya dawo da itatuwa a ƙasar Maraɗi da Damagaram daga shekarun 1980 manoma ne da kansu, da suka daina tumɓuke kututture suna barin toho ya girma a gona, musamman gawo, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo ya kai kimanin hekta miliyan 5. Amma hasken ranar da ya dage a kai bai tafi a banza ba. Yau ku duba rufin shaguna da rijiyoyin burtsatse daga Wudil zuwa ƙauyukanmu, faifan sola ne ko'ina, ko da yake na waje ne muke saye, ba wanda ya so mu ƙera da hannunmu ba.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu, 1991, a 1992 kuma aka sa wa jami'ar sunansa. Mu ma tun 2001 muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, wadda a 2022 aka mayar da ita Jami'ar Aliko Ɗangote. Kwanan baya na bi ta ƙofarta zan je Lajawa, a gabana akwai motar a-kori-kura maƙare da itace ta nufi Kano, na bi bayanta har muka rabu a mararraba.