Daga Littafin Haraji zuwa Takardar Diyya: Yadda Aka Rubuta Mutanen Abuja

Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga hoton wata mace tana gina tukunya. Ladi Kwali ke nan, maginiyar da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja a 1954, ta yi suna har Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. Amma da an zo kan shekarar haihuwarta, sai littattafai su koma kintace, su ce wajen 1925. Babu malamin da ya zauna ya rubuta ranar. To, in haka abin yake ga macen da hotonta ke aljihun kowa, ina ga manomin doya na Kuje, ko maƙerin Zuba, wanda jikansa ke son sanin daga ina kakansa ya taso?

A wasu ƙasashe, takardun ƙidaya ne ke amsa irin wannan tambaya. A Ingila, tun daga 1841 ake rubuta sunan kowane mutum a gidan da ya kwana daren ƙidaya, a adana takardun, a buɗe su ga jama'a bayan shekara 100. Na 1921 an buɗe su a Janairun 2022. A Amurka shekara 72 ake jira. Sai dai takardun rubutun hannu ne, shafi miliyoyi, babu mai iya lalubo suna ɗaya a cikinsu sai an kwafe su. Nan 'yan sa-kai suka shigo. Su suka kwafe ƙidayar Birtaniya ta 1881 kakaf, kuma a 1999 aka kafa FreeCEN domin ci gaba da aikin a intanet kyauta. Da Amurka ta saki takardun ƙidayar 1940 ranar 2 ga Afrilu, 2012, mutum fiye da 160,000 suka duƙufa daga gidajensu, suka kwafe sunaye miliyan 132 cikin kimanin wata huɗu. Mutum biyu kan kwafi shafi ɗaya ba tare da ganin aikin juna ba, inda suka saɓa sai na uku ya raba gardama.

Wanda ya so yin irin wannan aiki a Abuja zai tarar da cewa ba rashin ƙirga ne matsalar ba. An ƙirga mutanen wannan ƙasa sau da dama. Abin dubawa shi ne wa ya yi ƙirgan, da abin da yake nema.

Zamanin malamin haraji

Masarautar Abuja ta samo tushe ne daga Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, wanda ya baro Zariya a zamanin jihadi ya sauka a Zuba. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. A wancan zamani asali yana bakin maroƙa da makaɗan fada da tsofaffin gida. Jerin sarakuna ba ya ɓata: Makau, Abu Ja, Abu Kwaka, Ibrahim Iyalai. Talaka kuwa, ko Gbagyi ne ko Koro ko Gade ko Gwandara ko Bassa ko Ganagana, zuriyarsa kaɗai ke riƙe da sunansa.

Turawa sun ci Abuja a 1902, suka sanya ta a Lardin Nasarawa. Bukatarsu ta farko kuɗi ce, kuma dokar harajin da Gwamna Lugga ya kafa a 1906 ta sa dole a san yawan masu biya. Sai Di'o ya fita rangadi da 'yan dako da tafinta, ya sauka ƙauye, a ƙirga gidaje da maza baligai da gonaki da awaki da masu sana'a, ya rubuta rahoto, a yanka wa garin abin da zai biya. Daga nan aikin shekara-shekara ya koma hannun En'e. Malamin hakimi kan zauna a zauren dagaci da tawada da alƙalami, mai unguwa na kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa, da farko da ajami, daga baya da boko. Mata da yara galibi adadi ne kawai a gefen shafi.

Mutane ba su jahilci abin da ke biyo bayan alƙalamin ba. Da an ji malamin haraji na tafe, saurayin da gemu ya fara tsiro masa sai ya tuna yana da aiki a gona mai nisa, Bafulatani kuma ya kora rabin garkensa bayan dutse saboda jangali. Ga kuma tsohuwar al'ada ta ƙin faɗin yawan 'ya'ya, don gudun baki.

A kan waɗannan littattafai aka gina ƙidayoyin farko na Arewa. Alƙaluman 1911 da na 1921 mafi yawansu daga lissafin haraji aka tsamo su, kuma C. K. Meek ya fitar da sakamakon 1921 cikin littafinsa kan ƙabilun Arewa a 1925. A 1929, ƙirga mata da dabbobi a Oloko ya tayar da boren matan Aba, abin da ya sa gwamnati ta taka a hankali a ƙidayar 1931. A 1941 yaƙin duniya ya hana a yi. Duk abin da aka buga daga waɗannan shekaru jimloli ne: lardi kaza mutum kaza, ƙabila kaza mutum kaza.

Akwai wani ƙulli kuma da ya shafi Abuja musamman. A 1926 aka rushe Lardin Nasarawa, aka kai masarautar Abuja Lardin Neja, Keffi da Nasarawa kuma Lardin Binuwai. Abaji kuwa tana ƙarƙashin Koton Karfe a Lardin Kabba. Wato ƙasar da yau take birni guda, takardunta na mulkin mallaka sun bi hanyar Minna da Makurdi da Lokoja, kafin a tattara da yawa daga fayilolin larduna a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, hukumar da Kenneth Dike ya yi fafutukar kafawa a 1954.

Da ƙirga ya zama siyasa

Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba Najeriya mutum miliyan 30.4, Arewa na da fiye da rabi. Daga lokacin lissafi ya juya, domin yawan jama'a ya zama ma'aunin kujerun majalisa da rabon arziki. Jiya ana ɓuya wa mai ƙirga, yau ana jan rigarsa. An soke ƙidayar 1962 saboda rigima, aka sake a 1963 aka sami miliyan 55.6. Ta 1973 ta ba da miliyan 79.8, Janar Murtala Muhammed ya soke ta bayan ya hau mulki a 1975. A duk wannan taƙaddama jimla ake wa faɗa. Ba a kafa wata al'ada ta adana takardun gida-gida don a buɗe wa jikoki bayan shekaru ba.

Waɗanda suka damu da sunaye a wannan zamani 'yan gari ne. Malam Hassan, Sarkin Ruwan Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi sun zauna da tsofaffi suka rubuta tarihin masarautar da al'adunta da Hausa. Frank Heath ya fassara aikin, aka buga shi a Ibadan a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja, zamanin Sarki Sulaimanu Barau. Daga baya suka fitar da wani kan Gwari da Gade da Koro. M. G. Smith ya dogara sosai da bayanan Abuja wajen rubuta littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau. Su ne magabatan duk wanda zai yi wannan aiki a yankin, ko da yake hankalinsu ya fi karkata ga fada da sarautu da bukukuwa, ba jerin gidajen talakawa ba.

Ƙirgan da kowa ya so ya shiga

Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya sanar da amincewa da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta gina sabon babban birnin ƙasa, aka yanki fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Kwana goma bayan haka aka kashe shi. Shirin farko shi ne a kwashe duk mazauna yankin a tsugunar da su waje, gwamnati ta biya, bisa zaton cewa ba su da yawa.

Kafin a biya sai an san su wa za a biya. A 1977 ayarin masana ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje na Jami'ar Ibadan ya bi yankin yana nazarin ƙasa, yana ƙirga mutane da kadarorinsu. Wannan karon magidanci ba ya ɓuya. Ɗaki da rumbu da bishiyar ɗorawa da ta kaɗanya duk kuɗi ne, wanda aka tsallake kuma ya yi asara. Sakamakon ya nuna ƙauyuka ɗaruruwa da jama'a da suka zarce abin da aka zata nesa ba kusa ba, kuɗin diyya kuma ya fi ƙarfin aljihun gwamnati. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya shawara: za a tayar da waɗanda aikin gini ya taɓa kawai, sauran su zauna in sun so.

Daga nan taswira ta samu sababbin sunaye. Ga Sabon Wuse da Sabon Bwari a Jihar Neja, ga Sabon Karu da Sabon Nyanya da Sabon Karshi a ɓangaren da ya zama Jihar Nasarawa. Ƙauyen Garki ya zauna inda yake birni ya kewaye shi, wasu ƙauyukan kuma daga baya aka kai su Kubwa. Zuriya ɗaya sai ta rabu, wa na wannan jiha, ƙane na waccan. Takardun diyya da na rabon filayen tsugunarwa su suka fi kusa da abin da mai neman asali ke buƙata, domin suna haɗa sunan mutum da ƙauyen da ya baro, ƙauyen da wani lokaci yau titi ne ko ma'aikata.

Ƙidayar 1991 an yi ta a ƙarshen Nuwamba, mako biyu kafin Janar Babangida ya dawo da fadar gwamnati Abuja ranar 12 ga Disamba. Ta sami ƙasa da mutum 400,000 a yankin. A Maris na 2006 adadin ya haura miliyan 1.4, kuma an cire tambayar ƙabila da ta addini daga takardar. Cikin shekara 15 baƙi suka rinjayi 'yan gida.

Abin da ke jiran mai kwafa

A ce yau an ɗora wa ɗan sa-kai shafin tsohon littafin haraji a gabansa. Wahalar farko ita ce babu sunan zuriya irin na Turawa. Mutum ɗaya zai fito Abubakar a wata shekara, Garba a wata, Buba a ta uku. Audu da Abdullahi mutum ɗaya ne, haka Mamman da Muhammadu. A ƙauye guda ana iya samun Ɗanladi biyar da Tanko huɗu, abin da ya bambanta su laƙabi ne ko sana'a, kuma ba kullum malamin ke rubutawa ba. Malamin Bahaushe ne, sunayen kuma na Gbagyi ne ko Bassa, masu sautukan da babu su a Hausa, sai ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi. In da ajami ne, wasali ɗaya kan ɗauki sauti biyu. In kuma Bature ne ya sake kwafa da keken rubutu, ya ƙara nasa kuskuren.

Shekaru ma haka. Ma'aikatan ƙidaya kan tafi da jerin manyan abubuwan da suka faru don kintata shekarun tsofaffi: zuwan Sarauniya a 1956, canjin hannun tuƙi a 1972, canjin kuɗi a 1973. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk ƙasar ba ta zo da wuri ba. Saboda haka tsarin mutum biyu da mai raba gardama bai wadatar a nan ba, sai an haɗa da dattijon da ya san gidajen.

An fara wasu ayyuka da ke share fage. Shirin ceto takardun da ke fuskantar lalacewa na ɗakin karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki hotunan dubban shafuka daga Kaduna ya sanya su a intanet. Gidan Arewa a Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, na riƙe da takardu da rubuce-rubucen ajami. FamilySearch na ɗaukar jerin kakanni daga bakin dattawa a ƙasashen Afirka ciki har da Najeriya, Archivi.ng kuma na kwafe tsofaffin jaridun ƙasar. Amma hoton shafi ba ya amsa kiran suna sai wani ya zauna ya karanta shi ya buga.

Buƙatar ba ta tsaya ga sha'awa ba. Ƙananan hukumomi shida na yankin, wato Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, suna ba da takardar shaidar ɗan asali, wadda ake nema wajen shiga makaranta da ɗaukar aiki. Rigingimun gado da na sarauta da na diyyar fili duk kan koma ga tambayar wane ne ya haifi wane, kuma a ina ya zauna kafin 1976.

Hukumar ƙidaya ta ƙasa, mai hedikwata a Wuse, ta shirya yin ƙidayar 2023 da na'urorin hannu maimakon takarda, amma aka ɗage ta a Afrilun shekarar. Ko an yi ta, mutanen yau za ta rubuta. Na jiya suna cikin fayilolin Kaduna da ɗakunan ajiyar masarautu da kundin diyya, kuma magidancin da yake ɗan shekara 30 lokacin da ayarin Mabogunje ya tsaya a ƙofar gidansa yau ya doshi 80. Irinsa ne za su iya nuna wane Ɗanladi ake nufi a shafin, da inda 'ya'yansa suka koma.