Daga Dodan Barik Zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya: Waiwaye Kan Janar Joseph Garba

Idan aka yi zancen sojan da ya tuɓe kaki ya shiga aikin jakadanci, sunan Colin Powell na Amurka ne ke fara zuwa bakin mutane. Shi ne Baƙar fata na farko da ya zama Sakataren Harkokin Wajen ƙasarsa a 2001, kuma shi ne ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu a Fabrairun 2003 yana kare shirin mamaye Iraƙi da hujjojin da suka zamo ba su da tushe. Biyayya ga shugabansa ce ta ɓata masa suna a ƙarshen aikinsa. Mu kuwa muna da namu janar ɗin, wanda tabonsa ya zo tun a farko, ta hanyar ƙin biyayya.

An haifi Joseph Nanven Garba a Langtang a 1943, ya yi Makarantar Soja ta Zariya, sannan ya sami horon hafsa a Ingila. Janar Yakubu Gowon, ɗan uwansa na Filato wanda ya tashi a Wusasa, ya damƙa masa rundunar da ke tsaron shugaban ƙasa a Dodan Barik. To, a safiyar 29 ga Yulin 1975, Gowon yana Kampala wajen taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, sai aka ji muryar mai gadin nasa a rediyo yana shelar an hamɓarar da shi. Dattawanmu na Shamaki da suka saurari wannan sanarwa har yau ba su daidaita ba a kan ko kishin ƙasa ne ko cin amana. A ganinmu duka biyun ne, kuma babu wanda ya shafe ɗan uwansa.

Abin mamaki shi ne yadda wannan matashi mai shekara 32, wanda bai taɓa zaman ofishin jakadanci ba, ya riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1975 zuwa 1978. A zamaninsa ne gwamnatin Murtala ta amince da MPLA a Angola cikin Nuwambar 1975, bayan sojojin Afirka ta Kudu sun kutsa ƙasar, duk da matsin Amurka. Ba mu ce Garba kaɗai ya yanke wannan shawara ba. Murtala ne mai wuƙa da nama. Amma shi ya yi ta zirga-zirga yana fuskantar waɗanda abin ya ɓata wa rai, kuma ya bayyana wannan gwagwarmaya a littafinsa Diplomatic Soldiering na 1987.

Bayan ya yi ritaya a 1980 da muƙamin Manjo Janar, ya koma karatu a Jami'ar Harvard. Daga 1984 ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata, sannan a 1989 aka zaɓe shi shugaban Babban Taro karo na 44. Yana kan wannan kujera aka zartar da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, kuma a lokacin ne aka saki Nelson Mandela a Fabrairun 1990. Ya rasu a 2002 yana shugabantar Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Kuru, kusa da Jos.