Daga kufan Su'ada zuwa littafin ɗalibata: yadda waƙa ta daɗe tana kukan raunin soyayya



A shekarar karatun da ta wuce, ina tsakiyar darasin lissafi a ajin ƙarshe na firamare, sai na hangi wata yarinya tana rubutu a ɓoye cikin wani ƙaramin littafi. Na karɓe shi na sa aljihu. Bayan sallar isha'i na buɗe, ashe waƙoƙin fim ne ta kwafe daga wayar salular yayanta, sun kai ashirin. In ka ɗebe biyu ko uku, duk sauran kukan rabuwa ne: an yi alkawari an saɓa, an yaudare ni, an bar ni da ciwon zuciya. Yarinyar ba ta wuce shekara 13 ba.

Da farko raina ya ɓaci, na ce ƴan fim sun gama da yaranmu. Da na huce sai na tambayi kaina, wai yaushe ne waƙa ta fara cewa soyayya ba ta da tabbas? Da na bi sawun abin, sai na tarar ya girmi kakannin kakanninmu. Abin da yake sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne wanda mawaƙi yake ɗora wa laifin.

Mu fara da zauren malamai. Duk almajirin da ya yi nisa a karatun lugga a ƙasar Hausa ya ci karo da waƙoƙin Larabawan jahiliyya, irin su Imru'ul Ƙaisi. Al'adarsu ita ce mawaƙi ya buɗe ƙasida da tsayuwa a kufan da masoyiyarsa ta taɓa zama, dangi sun tashi da ita neman ruwa da makiyaya, ba abin da ya rage sai gurbin murhu. Ka'abu ɗan Zuhairu ma, da ya zo neman afuwar Manzon Allah (SAW) a Madina, da labarin Su'ada ya fara ƙasidarsa: ta tafi, kuma mace ce da ba ta riƙe alkawari. Sai da ya gama wannan kukan sannan ya shiga yabo. A wurin waɗannan mawaƙa, ƙaura da nisan hanya su ne manyan masu raba masoya. Mu da mazajen ƙauyukanmu suke fita ci-rani kowace shekara bayan girbi, wasu Kano, wasu Abijan, wasu Libiya, ba sai an yi mana bayanin wannan ciwon ba.

Da rubutacciyar waƙar Hausa ta bunƙasa a zamanin jihadin 1804, malamai sun ɗauki wata hanya dabam. Sun ɗebo kalmomin masoya, bege da ƙauna da kewa da rashin barci, suka mayar da su ga Annabi, don a ganinsu wannan ce soyayyar da ba ta yankewa. Ita kuwa duniya, a waƙoƙin wa'azi sai su siffanta ta da mace mai ado wadda take yi wa kowa murmushi, ta kuma juya wa kowa baya. Har yau muna cewa duniya budurwar wawa. Soyayyar miji da mata ba ta cika fitowa fili a rubuce ba sai a marsiyya, kamar wadda Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo bayan rasuwarsa. A nan mutuwa ce mai rabawa. Duk da yaƙe-yaƙen da Maraɗi da Tsibirin Gobir suka yi ta yi da Sakkwato, irin waɗannan waƙoƙi sun ratso mana ta bakin almajirai da makafi masu bara. A ƙarni na 20 ma marubuta irin su Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, in sun taɓo sha'anin mace da namiji, galibi gargaɗi suke yi game da karuwanci da lalacewar tarbiyya.

To amma wannan rabin tarihin ne, rabin maza masu alƙalami. Ɗaya rabin yana bakin turmi da dutsen niƙa da dandali. Ni na tashi ina jin iyayenmu mata suna daka suna waƙa, kuma sai da na girma na gane abin da suke faɗa. Ba su zargin duniya a dunƙule, suna kama sunan abin da yake ci musu tuwo a ƙwarya: kishiyar da aka kawo ba shawara, uwar miji mai sa ido, tsohon da aka ɗaura wa yarinya ba ta so, mijin da ya tafi damina uku ba aike. Macen da kunya ta hana ta faɗin sunan mijinta, a waƙar daka sai ta yi masa habaici yana zaune a zaure yana ji, ba shi da ta cewa. Waƙar ta zama kotun wadda ba ta da kotu. A waɗannan waƙoƙi so ba ya mutuwa haka kawai, akwai mai kashe shi, kuma kowa a gidan ya san shi.

Zuwan rediyo da kaset ya fitar da wannan magana daga cikin gida zuwa kasuwa. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ɗauki zancen kishi da zaman aure ta kai shi gidajen biki da kiɗan ƙwarya, tana kuma zuga mata su kama sana'a don kada su dogara ga miji kaɗai. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, ya yi waƙa a kan auren dole da kuntiginsa. Haruna Uji kuwa da gurminsa ya yi abin da ba a saba ji ba sosai, namiji ya kama sunan mace yana begenta a bainar jama'a. Duk waɗannan kaset-kaset sun tsallako iyaka, mun saurare su a tashoshin mota da shagunan tela a Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Daga shekarun 1980 littattafan soyayya suka yawaita a Kano, a 1990 aka fitar da fim ɗin Turmin Danya, kafin shekarar 2000 kuma waƙa irin ta fina-finan Indiya ta zama gishirin fim ɗin Hausa. A nan ne aka samu babban sauyi. Saurayi da budurwa su suka zaɓi juna, don haka in abu ya lalace, laifin yakan koma kan zuciyar ɗayansu: yaudara, cin amana, kwaɗayin mai kuɗi. Iyaye da kishiya suna nan, amma sun ja baya. Wannan ne na tarar a littafin ɗalibata.

Abin da ya dame ni a ƙarshe shi ne wani giɓi. Yarinyar da ta koyi waƙar daka ta koye ta ne a gaban uwarta da gwaggonta, waɗanda suka sha yaji da biko da zawarci, suka san cewa zo mu zauna zo mu saɓa ne. In waƙa ta nuna mata ciwo, akwai babba kusa da zai nuna mata yadda ake jinya. Ɗiyanmu na yau su kaɗai suke saurare, da abin ji a kunne, cikin duhun ɗaki. Suna haddace cewa so yana karyewa tun ba su san yadda ake riƙonsa ba, wasunsu kuma nan da shekara biyu ko uku za a cire su daga lakwal a kai su ɗakin miji.

Washegari na mayar wa yarinyar littafinta, ban doke ta ba. Na ce ta je ta tambayi kakarta waƙa ɗaya da suke yi lokacin suna ƴanmata, ta rubuto mini a shafin ƙarshe. Bayan kwana uku ta kawo. Ta ce tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, daga nan ta zaunar da ita ta ba ta labarin aurenta na fari da dalilin mutuwarsa, labarin da ko uwar yarinyar ba ta taɓa ji ba.

Iyaye, ƙwace waya yana da lokacinsa, ban hana ba. Amma kafin ku ƙwace, ku zauna ku ji abin da yaran suke ji, ku tambaye su wa aka zalunta a waƙar, kuma me ya kamata ya yi. Mu ma malamai muna iya ba da irin wannan aikin gida ko sau ɗaya a shekara, tun tsofaffin da suka san waƙoƙin suna raye.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da gidajenmu lafiya.