Rigar mai da gora: abin da ke kare masunci a ruwa

Rigar ruwan masunta ta samo asali ne daga tekunan arewacin Turai, inda tsananin sanyi kan halaka wanda ya jiƙe. Masunta kan shafe yadi mai kauri da mai domin kada ruwa ya ratsa shi. A 1823 Charles Macintosh na Scotland ya yi rajistar yadi mai roba, a 1877 kuma Helly Hansen ya fara ɗinka rigunan mai a garin Moss na Norway.

A Gulbin Kabi kuwa, nutsewa ce abar tsoro, don haka masunci kan tuɓe riga ya rungumi gora. Shi ke tallafe shi a kan ruwa, cikinsa kuma yake zuba kifin da homa ta kamo. Haka ake gani a Matan Fada lokacin bikin Argungu, wanda aka faro a 1934.

Fasinjan kwalekwale ba shi da gora. Kifewar jirgi kusa da Wara a Mayun 2021 ta ci rayukan gommai. Rigar kariya ce gatansa, hukumar NIWA kuma ke da alhakin tilasta sanya ta.