Asalin Kalma: Madubi

Madubi kalma ce 'yar gida. Daga "duba" ta fito: aka yi mata ɗafa-goshin "ma-" da ɗafa-ƙeyar "-i", ta zama sunan kayan aiki, kamar yadda buɗe ta haifi mabuɗi.

Gilashi kuwa aro ne daga Turanci, kuma shi haske ratsa shi yake yi ya wuce. Yaron da ya kankare bayan tsohon madubi zai hango yatsansa ta wurin, domin siririn shafen azurfa ko alminiyam ne ke dawo da hasken cikin ido. Bajamushe Justus von Liebig ya fito da dabarar shafen azurfar a 1835.

Yau sunan ya yaɗu: tabarau madubin ido ne, na ganin ƙwayoyin cuta kuma madubin likita.